Rancen gyaran sokawe a Amurka: ina matsayin magidanci Musulmi?

A ƙasar Amurka, kusan gida ɗaya cikin kowane biyar ba ya haɗe da bututun kwashe ƙazanta na gari. Waɗannan gidaje, galibinsu a karkara da bayan gari, sun dogara ne da ramin da muka fi sani da sokawe. Ƙazanta mai nauyi tana kwantawa a ƙasan ramin, ruwan kuma ya bi bututu zuwa wani fili inda ƙasa ke tace shi. Idan ramin ya tsage ko filin ya toshe, najasa takan tsiyaye zuwa rijiyoyi da ƙoramu da tafkuna. Sake gina shi kuwa yana cin dubban daloli, abin da ya fi ƙarfin talaka.

Wannan ne ya sa jihohi da dama suka yi dokokin ba da rance domin gyara. Tun a shekarar 1987 majalisar tarayya ta kafa asusun da jihohi ke juyawa wajen ayyukan tsabtace ruwa. Jihar Masacusets ta tsaurara ƙa'idarta a 1995, inda ta wajabta a duba lafiyar sokawe yayin sayar da gida, sannan ta buɗe wa garuruwa hanyar ranta wa masu gidaje kuɗi, su riƙa biya tare da harajin gida. A jihar Mishigan, wadda ke da sokawe sama da miliyan ɗaya, majalisa ta ware dala miliyan 35, aka fara ba da rancen a 2024. Kashi biyu aka yi shi: masu ƙaramin ƙarfi suna biyan ruwan da bai wuce ɗaya bisa ɗari ba, sauran kuma gwargwadon yadda kasuwa take.

Mishigan na cikin jihohin da Musulmi suka fi yawa a Amurka, don haka tambayar ta shafi 'yan'uwanmu kai tsaye. Wajibai biyu ne suka haɗu a kan magidanci ɗaya.

Na farko shi ne kawar da cuta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kuma Abu Dawud ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai yin bayan gida a mashayar jama'a. Wanda ya san raminsa yana zuba a rijiyar maƙwabci, ya kuma yi shiru, ya shiga haƙƙin mutane a ruwan shansu da na alwalarsu. Gyara a nan wajibi ne.

Na biyu shi ne nisantar riba. Ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara ba su ware kaɗan daga mai yawa ba, kuma malamai sun haɗu a kan cewa ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi riba ne. Kyakkyawar niyyar gwamnati ba ta canza hukuncin ɗaya bisa ɗari, matuƙar ƙari ne da ke tafiya da yawan bashi da tsawon lokaci.

Sai dai ƙofa ba a rufe take ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta karɓar kuɗin hidimar bashi, da sharaɗin kada ya wuce ainihin abin da aka kashe. Ke nan jihar da ba riba take nema ba tana iya mayar da ɗan ƙarin nan ladan aiki ƙayyadadde, rancen ya zama bashi mai kyau. Haka kuma ana iya bin hanyar istisna'i, wato mai ba da kuɗi ya ɗauki nauyin ginin a kan farashi sananne, magidanci ya biya kaɗan-kaɗan. Dokar ƙasar ba baƙuwa ba ce ga irin wannan, domin hukumar da ke kula da bankunan tarayya ta amince da ijara a 1997, da murabaha a 1999.

Muna ganin abin da ya kamaci magidanci shi ne ya fara neman tallafin da ba a biya, sannan asusun masallaci ko rancen dangi. Idan duk suka gagara, najasa kuma tana kwarara, sai ya kai lamarinsa ga malami amintacce, domin lalura tana da hukuncinta, kuma da gwargwadonta ake auna ta. Shugabannin al'umma kuwa, su halarci zaman jin ra'ayin jama'a tun doka tana daftari, don gyaran sharaɗi ya fi sauƙi kafin a sa hannu.

Mu ma a unguwanninmu, inda masai da rijiya ke kusantar juna a fili ɗaya, amai da gudawa kuma ke dawowa da damina, muna da buƙatar asusun rance marar ruwa domin irin wannan gyara. Allah ne Mafi sani.