Malejin babur ɗin Baba: mil ko kilomita?

A bayan gidan da nake haya a unguwar Glenwood, nan Greensboro ta jihar North Carolina, akwai wata 'yar rumfar katako. Shekara biyu ke nan wani tsohon babur yake cikinta, Honda CD175, irin wanda mahaifina ya hau a Maraɗi lokacin yana malanta. A hannun wani dattijo Bature na saye shi, tsatsa ta ci shi, injin ya kafe. Duk Lahadi nakan shige rumfar nan ina kankara ina wanki, har ya tashi. Abu ɗaya ya rage: ramin da ke saman ƙoƙon fitilar gaba, inda maleji yake zama, wayam yake.

Na yi wa Baba alkawarin kafin babbar Sallah zai ga babur ɗin a bidiyo, cif kamar nasa. Ya haura tamanin, idonsa ya fara rauni, don haka gaggawa ta kama ni. Na ga wani maleji a intanet, mai shi ya rubuta cewa na asali ne, na tura dala 140. Da ya iso, wallahi har kyau ya yi yawa. Lambobin farare tas, murfin roba maimakon gilashi, ga shi ya ƙi zama cikin ramin. Sabon kwaikwayo ne, kuɗina sun tafi. Gaggawa dai aikin Shaiɗan.

Daga nan na koma na fara daga inda ya kamata tun farko, wato lambar shasi. Tana buge a wuyan babur, ƙasa da kan da ake riƙewa, ta inji kuma tana jikin inji. Honda ta ƙera CD175 daga 1967 zuwa 1979, kuma ba iri ɗaya ba ne duka. Na farkon, kan injinsu a karkace yake zuwa gaba, na baya kuma a miƙe. Littafin kayan gyara na kamfanin yana jera kowane ƙarfe ne bisa lambar shasi da ƙasar da aka kai babur ɗin. Lambar kowane kaya kashi uku ce. Ta maleji da 37200 take farawa, kashin tsakiya yana nuna samfurin da aka fara yi wa kayan, na ƙarshe kuma yakan bambanta na wannan kasuwa da na waccan. In ba ka da lambar nan a hannu, to caca kake yi da kuɗinka.

Sai kuma shi malejin kansa. Kamfanin Nippon Seiki da ke garin Nagaoka na Japan shi ya yi wa Honda yawancin malejinta na wancan zamani, kuma akan ga suna ko tambarinsa a fuskar. A duba zoben ƙarfen da ya riƙe gilashin: in ya lanƙwashe, an taɓa buɗe shi. A duba launin lambobin, domin abin da ya shekara hamsin ba ya rasa dushewa. In ƙidayar tafiyar ta nuna sifili, a yi tambaya. Sannan a ɗaura masa wayarsa, a juya ta da injin huda, a ga ko allurar tana tashi lami lafiya ko rawa take.

A nan ne na ci karo da abin da ban zata ba. Babur ɗina na kasuwar Amurka ne, malejinsa na asali da mil yake ƙidaya. Na Baba kuwa kilomita ne, tunda Nijar da awon Faransa ta tashi. Abin sha'awa, cikinsu kusan ɗaya ne. A yawancin baburan Japan, in wayar da ke fitowa daga tayar gaba ta juya sau 1,400 a minti, allura tana kan kilomita 60. In ta juya sau 2,240, tana kan mil 60. Ka lissafa ka gani, abu guda ne, fuskar ce ta bambanta. Ke nan in na samu mai kilomita zai yi aiki daram, kuma ba lalle kowa ya gane ba.

Na kira gida na shimfiɗa masa maganar.

"Baba, wanne zan sa? Irin naka, ko wanda ya zo da shi?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, wannan babur ɗin ya taɓa zuwa Tasawa ne?"

Na ce a'a.

"To don me za ka sa shi ya yi ƙarya? Nawa na sayar da shi shekarar da aka haifi ƙanwarka, na sayi hatsi. Ya gama aikinsa. Wannan naka ne, ka ba shi abinsa."

Na jima riƙe da wayar. Ashe duk wahalar nan ba babur nake gyarawa ba, so nake in dawo da ranakun da yake ɗora ni a kan tanki, ina kallon allurar nan tana hawa in mun fita gari.

Wata uku na ƙara ina nema. A wata kasuwar tsofaffin kayan babura na same shi cikin kwali, ya dushe, gilashin da ɗan karce, lambarsa ta yi daidai da littafi. Yana nuna mil dubu goma sha ɗaya da 'yan kai da wani babur ɗin ya ci. Ban mayar da shi sifili ba. Na rubuta adadin da ranar da na ɗaura shi, na haɗa da takardun babur, domin duk wanda zai saya a bayana ya san gaskiya.

Ranar Sallah bayan an sauko daga Idi, na hau na bi ta Grove Street a hankali, ɗana yana ɗaukar bidiyo. Da Baba ya gani, bai ko tambayi maleji ba. Cewa ya yi a ƙaro masa sauti, ƙarar injin yake so ya ji. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.