Yadda Likita Yake Auna Halin Wanda Ya Ji Mummunan Rauni

Ran 21 ga Nuwamba 2017 bam ya tashi a wani masallaci a garin Mubi da asuba, ran 1 ga Mayu 2018 kuma aka sake irin wannan ta'asa. A rana irin wannan masu rauni sukan yi wa ma'aikatan asibiti yawa. Tilas a zaɓi wanda za a fara dubawa, da wanda za a ɗauka zuwa Yola, tafiyar wajen kilomita 200. Zaɓin nan kuwa awo ake bi wajen yinsa, ba son rai ba.

Abu uku ake fara dubawa. Akwai numfashi: baligi mai lafiya yakan ja shi sau 12 zuwa 20 a minti. Akwai awon jini: in lambar sama ta faɗo ƙasa da 90, alama ce jini ya zuba da yawa, ko da a cikin ciki ne. Na uku shi ne hankali, wanda likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka tsara ma'auninsa a Glasgow cikin 1974. Buɗe ido yana da maki 4, magana 5, motsin jiki 6. Mai cikakken hankali yana da 15, wanda ya yi nisa ƙwarai 3. Daga 8 zuwa ƙasa, raunin kai ya tsananta. Likitocin Kampala ta Uganda sun tsara nasu ma'aunin domin asibitocin da ba su da kayan aiki sosai, suka ƙara da shekarun majinyaci da yawan manyan raunukansa.

Saboda haka ne akan wuce mai kururuwa a nufi wanda ya yi shiru. Dangi sukan ji haushi, amma mai ihu ai yana numfashi, kuma hankalinsa bai gushe ba.

Maki ba hukuncin mutuwa ba ne. Abin da yake nunawa shi ne yadda masu irin wannan hali suka ƙare a baya; bai san ƙarshen mutum guda ba. Yana kuma sauyawa. Saurayi mai ƙarfi yakan zubar da jini da yawa awonsa bai faɗi ba, sa'an nan ya faɗi gaba ɗaya, shi ya sa ake maimaita awon a kai a kai.

Wanda ya kawo mai rauni lalle ya gaya wa likita lokacin da abin ya auku, da ko ya suma, da ko ya yi magana daga baya. Kada a ba shi ruwa ko abinci, domin mai yiwuwa ne a yi masa fiɗa.