Farin Tabon Ruwa a Kan Dutsen Giranit

Matafiyin da ya bar Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ba zai rasa ganin manyan duwatsu sun yi sahu a kudu ba. Na Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, giranit ne da ya daskare kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce. Irin wannan dutse ne ake yankawa a goge, a shimfiɗa shi a kan teburin kicin. Tsada gare shi, amma sai ga farin tabo ya kewaye bakin famfo, an wanke da sabulu ya ƙi fita.

Laifin ba na dutsen ba ne, na ruwa ne. Ruwan sama kan haɗu da iskar kabon ya zama asid mai rauni. Idan ya nutse cikin ƙasa ya daɗe a tsagogin duwatsu, sai ya narkar da sinadaran kalsiyam da magnisiyam ya tafi da su. Shi ya sa ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse ke kashe kumfar sabulu, alhali ruwan sama da aka tara a randa kumfa yake yi nan da nan. Masana kan ce ruwa ya yi nauyi ƙwarai idan ma'aunin allin da ke cikin lita guda ya haura miligiram 180. Da ɗigon ya bushe, musamman da hunturu, ruwan ya tafi, allin ya zauna. Shi ne dai farin ɓawon da ke cikin butar shayi.

A shekarar 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 bisa taurinsu. Allin tabon yana mataki na 3, reza tana wajen 5 da rabi, manyan ma'adinan giranit kuwa, wato felsfa da kwaz, suna 6 da 7. Ke nan reza ta fi ƙarfin tabon, dutsen kuma ya fi ƙarfin reza. Sai a jiƙa wurin da ruwan sabulu, a kwantar da sabuwar reza, a kankare a hankali. Kwantarwar ba don ado ba ce: baƙaƙen ɗigon nan masu ƙyalli, wato maika, taushi gare su, tsinin reza na iya ɓantare su.

Asid kuwa, nan ne ake ɓarna. Lemon tsami da ruwan tsamiya suna narkar da alli, ba shakka, kuma su ne maganin butar shayi. To amma suna cinye man kariyar da ake shafa wa dutsen don toshe ƙananan ƙofofinsa, daga nan manja ya sami hanyar shiga. Bugu da ƙari, ba duk abin da ake sayarwa da sunan giranit ne giranit ba. In mabul ne, shi kansa alli ne, asid zai cinye tabon ya haɗa da teburin. Ruwan batir da ruwan wanke masai kuwa, ko kusa kada su zo. Yashi da toka ma haka, domin yashi kwaz ne, yana iya karce sheƙin.

Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibai wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. A ɗiga ruwan sama da na burtsatse a kan gilashi, a shanya a rana, a kwatanta abin da kowanne ya bari. Sa'an nan a kankaro ɓawon buta a matsa masa lemon tsami. Ƙananan kumfar da za ta taso, iskar kabon ce take fita.