Kafin Ka Shuka Alayyafo a Lugbe, Tambayi Asalin Ƙasar

Duk wanda ya bi titin zuwa filin jirgin saman Abuja da rani, daga Kuchingoro ya ratsa Lugbe har ya doshi Gosa, zai ga bakin rafuffuka sun yi kore shar da alayyafo, ugu, latas, rama da attaruhu. A cikin rukunin gidaje ma tsadar cefane ta sa jama'a sun koma shuka a bayan ɗaki, wasu a buhu, wasu a tsohon bokiti. Wannan abin a yaba ne. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba kafin a zuba iri: daga ina ƙasar nan ta zo, kuma me aka taɓa yi a kanta?

Dalilin tambayar shi ne akwai ƙarafa masu guba, irin su dalma da kadmiyam da zaiba, waɗanda in suka shiga ƙasa ba sa ruɓewa. Rana ba ta ƙone su, damina ba ta wanke su, sai dai ta kwashe su daga nan ta zube a can. Ba su da wari, kuma ganyen da ya tashi a kansu yana iya fin na kowa kyau a kasuwa.

Mu 'yan Arewa mun riga mun ga aikin dalma da idonmu. A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka shiga amai da jijjiga, aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura cewa mace-macen sun wuce misali. Bincike ya gano cewa duwatsun da ake haƙowa don neman zinare cike suke da dalma, ana kawo su cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, kusan yaro 1 cikin 4 na 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka mutu ta kai aƙalla 400. Abin da ya kamata mai lambu ya riƙe shi ne yadda aka magance matsalar. Ba wani magani da aka fesa. Kankare saman ƙasar gidaje aka yi, aka kwashe aka binne a rami, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. Ƙauyen Bagega bai sami wannan aiki ba sai a 2013, bayan an yi ta kiraye-kiraye ga gwamnatin tarayya. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, maƙwabciyar Abuja, yara 28 suka rasu.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Lugbe, tunda ba a haƙar zinare a tsakiyar rukunin gidajen gwamnatin tarayya? Ai ba sai ramin ma'adinai yana ƙofar gidanka ba. Lugbe unguwar gine-gine ce, kullum tifa na shigowa da yashi da burji da ƙasar ciko, kuma mai saye ba ya tambayar inda aka ɗebo. Jihohin Nasarawa da Neja da ke maƙwabtaka da Abuja cike suke da masu haƙar ma'adinai, manya da ƙanana. Lebura zai dawo gida da ƙurar rami a riga da takalmi, buhun da aka ɗauko dutse a ciki zai koma buhun shuka ko na hatsi. Ga kuma haƙar da birni ke yi wa kansa: wurin da ake fasa tsohon batirin mota a narke dalmarsa, garejin makanikai, inda ake ƙona wayoyin lantarki don a cire tagulla, da juji da ake tonowa a zuba a lambu da sunan taki. Takin bola na sa ganye ya yi ɓul-ɓul, amma a cikinsa akwai tokar batura da fenti da tarkacen lantarki. Ruwa shi ke haɗa duk waɗannan. Wanda ya ga ambaliyar da ta shafe rukunin gidajen Trademore a watan Yunin 2023 ya san yawan laka da shara da rafuffukan Lugbe ke ɗauka, kuma a bakin irin waɗannan rafuffuka ake noman rani.

Gefen babban titi ma ba abin sakewa ba ne. An daina sa dalma a fetur a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, amma wadda hayaƙin motoci ya zubar kafin lokacin tana nan kwance a gefen tsofaffin hanyoyi.

Ba duk kayan lambu ne ke ɗaukar guba daidai ba. Dalma ta fi maƙalewa a saiwa da kuma ƙurar da ke kwanciya a kan ganye, shi ya sa karas da dankali da ganyayen da ke kusa da ƙasa suka fi haɗari. Tumatir, tattasai, kuɓewa da yalo sun fi sauƙi, domin kaɗan ce ke isa cikin 'ya'yansu. Kadmiyam ya fi wuyar sha'ani, saboda shuka na zuƙe shi har cikin ganye, musamman latas da alayyafo, wanki ba ya fitar da shi. A Japan, ruwan da ya fito daga mahaƙar Kamioka ya gangara kogin Jinzu, manoman yankin Toyama suka yi ta ban-ruwan shinkafa da shi shekara da shekaru. Ƙoda ta lalace, ƙashi ya yi laushi har yana karyewa da kansa, mata masu shekaru suka fi shan wuya. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince cewa kadmiyam ne sanadi. Nan gida, masu binciken jami'o'i sun daɗe suna jan hankali kan lambunan Kano da ake shayarwa da ruwan Jakara da na masana'antun jima na Challawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Jikin ƙaramin yaro na zuƙar ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke zuƙa, ya fi haka in yaron na fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki. Kuma ba kullum take zuwa da jijjiga ba. Sau da yawa yaro ne zai daɗe bai yi magana ba, ko ya kasa riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. A jikin mace kuwa dalma na ɓuya a ƙashi, ta fito lokacin goyon ciki ta isa ga jariri. Af, kwallin dutse da kakanni ke rangaɗa wa jarirai, galibinsa dutsen dalma ne, gara a bar shi.

Kada wannan ya sa kowa ya ƙaurace wa ganye ko ya ɗora wa 'yan lambu laifi. Yaron da ke cin ganye da wake da kifi ya fi wanda ba ya ci samun kariya. Abin yi shi ne a cire ganyen waje na kabeji da latas, a wanke sauran ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta har sai yashi ya daina kwanciya a roba, a kankare karas, a fere dankali. Dahuwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa ƙarfe. Tafasa gurɓataccen ruwa ma ƙara tattara gubar yake yi. Mai shuka a gida ya nisanci tsohon gareji da juji da bakin kwata, ya cika buhunsa da ƙasar gonar da ya san tarihinta, ya haɗa da kashin dabbobi da ya ruɓe sosai, domin taki mai kyau na riƙe ƙarfe ya rage wanda shuka ke ɗauka. A rufe gindin shuka da ciyawa saboda ƙura, a wanke hannun yara kafin cin abinci.

Ƙasa dai gwaji kaɗai ke wanke ta ko ya kama ta. Ƙungiyoyin 'yan lambu da shugabannin rukunin gidaje na iya yin karo-karo su kai samfurin ƙasa da ruwa da ganye sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Abuja a Gwagwalada ko cibiyar kimiyya ta Sheda. Wanda ya ga ana niƙa dutsen ma'adinai ko narka batir a cikin unguwa ya sanar da mai unguwa da hukumar NESREA ko hukumar kare muhalli ta Abuja. Idan kuma wani a gidan yana aiki a mahaƙa ko wurin batir, a faɗa wa likita haka ɓaro-ɓaro, a nemi a auna dalma a jinin yara, domin gwajin maleriya da na taifot ba sa nuna ta.