GASHIN CIWON DAJI DA MARFIN DA AKE GINA WA MAJIYYACI

Maigida, in likita ya ce za a yi wa wani naka gashin ciwon daji, kada gabanka ya faɗi. Ba da wuta ake yi ba. Wani haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. Wani Bajamushe, Röntgen, shi ya gano irinsa a 1895. Yana ratsa jiki ya kashe ƙwayoyin ciwon. Majiyyaci ba ya jin zafi sa'ad da ake yi, kuma ba ya komowa gida da hasken a jikinsa. Ku ci tare, ku kwana ɗaki ɗaya.

To, ga wahalar. Hasken manyan injuna ba ya sakin dukan ƙarfinsa a kan fata. Sai ya nutsa kamar santimita 1 da rabi, watau faɗin ɗan yatsa, kāna ƙarfinsa ya cika. In ciwon yana can ciki, madalla. Amma in a fata yake, kamar gyambon da rana kan jawo wa zabiya a kunne ko a hanci, ko kuwa ƙirjin macen da aka cire wa nono, sai hasken ya wuce ciwon bai gasa shi sosai ba.

Dabarar likitoci ita ce su ɗora wani marfi bisa wurin, domin hasken ya fara ratsa shi, ya iso fata da ƙarfinsa. Da kaki ake yi, ko da falle mai laushi kamar roba. Amma kunne da hanci ba shimfiɗaɗɗu ba ne. Marfin yakan bar rata, iska ta shiga, gashi kuwa ya ragu daidai inda ake bukatarsa.

Yanzu akwai injin da ke gina marfi daidai jikin mutum. Dubi masassaƙi: rage itace yake yi har turmi ya fito. Maginiya kuwa ƙara yumɓu take yi, zagaye bisa zagaye, har tukunya ta tashi. Injin nan aikin maginiya yake yi. A Amurka aka soma irinsa wajen 1984. Da fari akan ɗauki hoton cikin jiki yanki yanki, kwamfuta ta auna kowane tudu da kwari na wurin. Sa'an nan injin ya narka zaren roba, ya riƙa zuba shi shimfiɗa bisa shimfiɗa. Abin mamaki, wata robar daga masara ko rake ake samo ta. Cikin sa'o'i kaɗan, wani lokaci kwana guda, marfi ya kammala, ya zauna ɗaram kamar murfin ƙwarya.

Ba kowane asibiti ke da injin ba. Inda babu, ana yin marfin da hannu, yana kuwa aiki. Kada ka jinkirta gashi wai kana jiran na inji, gama ciwon ba ya jira. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Shika kusa da Zariya, da na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Ka tambayi likitanka inda injin gashi ke aiki tun ba ka kashe kuɗin mota ba.

Ga naka aikin. Gashi yawanci kwana 5 ne a mako, har mako 3 zuwa 7, kowace rana 'yan mintoci. Kada a tsallake rana, ko da an ga gyambo ya soma bushewa. Saboda haka ka shirya masauki da guzuri da mai jinya tun daga gida.

Marfin na mutum ɗaya ne, ba a aronsa. An auna shi da jikin majiyyaci na ranar da aka ɗauki hoto. In ya rame, ko kumburi ya saɓe, marfin zai yi sako-sako. A gaya wa ma'aikata nan da nan, su sāke awo. A ba shi ƙwai da wake da nono da kunun gyaɗa, don kada ya rame.

Alamar da suka zana a fata kada a goge ta wajen wanka. Kada a shafa wa wurin maganin gida, kada a yi tsaga ko sakiya. A rufe shi daga rana da tufa mai laushi.