Abotar da ake ƙullawa a bencin jiran likita

Yaron da ke fama da amosanin jini, wato sikila, ba ciwon ƙashi kaɗai yake jurewa ba, har da kaɗaici. Yakan shafe makonni a kwance, a wuce shi a karatu, abokai su daina kiransa ƙwallo, wasu ma su ce raki ne.

Domin irin waɗannan yara ne jarumin fim na Amurka, Paul Newman, ya kafa sansanin hutu a jihar Connecticut a 1988. Zuwa kyauta ne, likitoci suna kusa, kuma yaro yana wasa da tsararrakin da ba sai ya yi musu bayanin ciwonsa ba.

A birnin Katsina, bencin jira a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa kan zama irin wannan mahaɗa. Nan yaro zai iya ganin mai irin lalurarsa da ya kammala sakandare, sai hankalinsa ya kwanta. Shawarar yawaita shan ruwa, da kwana cikin gidan sauro, da rufe jiki lokacin hunturu ta fi shiga kunne idan ta fito daga bakin aboki.

An ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara. Ya kamata iyaye su daina barin wannan abota a ƙofar asibiti: su karɓi lambar juna, su riƙa haɗa yaran lokacin dogon hutu. Zumunta dai a ƙafa take.