A Gindin Antan

Ƙanwar mahaifiyata tana aure a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Dumega, kuma kowace Juma'a bayan la'asar takan kira ni. A da sai mun jira mai zuwa cin kasuwa ya kawo mana labarin lafiyarta. Yanzu muryarta na zuwa tar, kamar tana bayan danga. Wata Juma'a na ji shiru, na kira na sake kira, layi bai shiga ba. Da muka samu juna ranar Lahadi sai ta ce: "Rezo ne ya ɗauke. Ɓarayi sunka buge mai gadin antan." Ta wuce zuwa zancen wake da tsadar hatsi, ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Shekara nawa ina jin muryar Inna, ban taɓa kawowa cewa akwai mutumin da ke kwana a fili domin muryar ta iso ni ba. Bayan girbi na shirya na tafi in gan shi.

Na bar babbar hanyar Yamai a Kore Mairuwa, na ratsa Tibiri, wadda aka ɓalle daga Dogon Dutsi aka mai da ita gunduma mai zaman kanta a 2011, da ƙananan hukumomi 4: Tibiri, Kore Mairuwa, Gesheme da Dumega. Ƙasar Dallol Mawri ce, ruwa kusa yake da hannu, shi ya sa ko bayan damina ido ba ya rasa kore: rake, rogo, mangwaro, zogale. Iyaka da jihar Kabi ta Najeriya ba nisa, naira da sefa duk suna yawo a aljihu ɗaya. An tarbe ni da fura da ruwan randa, aka haɗa ni da yaro ya kai ni.

Antan ɗin yana kan tudu a bayan gari. Shingen waya ne mai ƙofar ƙarfe, a ciki ga doguwar hasumiya, ga akwatunan batir, ga faifan sola, ga gurup da tankinsa na gazuwal. Duk abin da ke cikin shingen an zuba masa kankare an ɗaure shi da kusa. A waje kuma, jikin shingen, akwai rumfar kara, da tabarma, da buta, da tocila, da gora. Nan mai gadin yake. Dattijo ne mai furfura a gemu, da tabo sabo a saman kunnensa na hagu.

Na gaishe shi, na ce: "Baba, wa kake yi wa aiki?"

Ya daɗe bai amsa ba. Ya nuna allon da ke ƙofa. "Sunan da ka gani nan, su ne masu rezo. Amma an ce mini hasumiyar ba tasu ba ce yanzu, ta wasu ce. Masu hasumiya sun ba wasu kwangilar gadi. Waɗancan ne ke turo mini kuɗi ta waya. Masu kawo gazuwal kuma daban. Ɗana, in ka ce in nuna maka uban gidana, sai dai in nuna maka lamba."

Ya fiddo ƙaramar waya mai maɓalli daga aljihun gaba. A ciki ya adana lambobi huɗu, kowace da sunan "shef". Uku sun daina shiga.

Abin da ya faɗa ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Tun da wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, babu kamfanin da bai sauya suna ko mai shi ba. Celtel ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Telecel ta zama Moov. Sonitel da SahelCom sun haɗe a 2016 suka zama Niger Telecoms. Orange ta sayar da reshenta na Nijar a 2019, aka samu Zamani. A faɗin Afirka kuma kamfanonin waya da yawa sun sayar da hasumiyoyinsu ga wasu kamfanoni da sana'arsu ke nan kawai, su kuma suna haya. Ana ƙulla cinikin a manyan birane, a kan takardu. A tudun nan abin da ke isowa shi ne mota da gwangwanin fenti. "Sun zo sun sake launi, sun ba ni sabuwar riga," in ji shi. "Ni dai ina nan inda anka bar ni."

Bai yi ƙorafin aikin kansa ba, kuma ya so in rubuta haka. Kafin gadi ɗan ci-rani ne, kowace shekara yana Legas daga kaka har faɗuwar ruwa. Yanzu yana ganin 'ya'yansa kullum, kuɗin wata ko sun makara suna zuwa, da su ya aurar da 'ya biyu. A gari ana ganin girmansa. In rezo ya yi rauni, shi mata ke aiko wa yara su tambaya, ko da yake ba shi da izinin taɓa ko waya ɗaya a cikin shingen. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne babu mai canjinsa. Ranar da ruwan shuka ya sauka, gari kaf ya watse zuwa gona, shi yana zaune yana jin ƙanshin ƙasa, sai ya biya 'yan ƙwadago. Jana'izar yayansa da gudu ya je ya dawo. Ya ji a rediyo cewa daga Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Ya riƙe lissafin a ka, ya rasa wanda zai tambaya ko abin ya shafe shi.

Sai da muka sha shayi zagaye na biyu ya kawo zancen daren da kansa.

"Su uku ne, bisa babur biyu, da jarkoki. Na haska tocila, na ce wane ne. Ban ƙara sanin komi ba sai da asuba, mai zuwa lambu ya tarad da ni kwance. Sun zuƙe tanki, sun kwashe batir. Ɗiyana sunka kai ni likita bisa amalanke. Da rezo ya dawo, waya ta yi ƙara, na ga lambar shef. Wallahi na ji daɗi, na ce ashe sun ji. Na ɗauka na yi sallama. Ya ce mini: lita nawa sunka ɗauka?"

Ya yi shiru, yana juya kofin shayi a hannu.

"Ban ce mugun mutum ba ne. Yaro ne, daga muryarsa ka san shi ma an matsa mishi. Amma mu nan, ko akuyarka ta faɗa rijiya, sai an ce maka sannu kafin a tambayi igiya. Shekarun da na yi a nan, da ɗan'adam ɗaya daga can sama ya ce, Baba ya jiki, da na yafe kuɗin magani."

Na rasa abin da zan ce masa. Na ce: "Sannu, Baba. Ya jiki?" Ya yi murmushi ya ce da sauƙi.

A bakin kasuwa na samu wani saurayi a ƙarƙashin laima mai launin kamfani, yana sayar da kiredi da layin waya, yana karɓa da fitar da kuɗin da 'yan ci-rani ke turowa gida. Yana da takardar birbe. Ba albashi gare shi ba, kamasho ne, kuma kowace safiya saƙo na shigowa a WhatsApp da adadin sababbin layukan da ake son ya yi wa rajista, da jerin sunayen abokan aikinsa na yankin daga na ɗaya har na ƙarshe. Ya ce ranar kasuwa yakan hau sama, sauran kwanaki ya sauko, domin ƙauye ba ya haifar sababbin mutane kowace safiya, kuma tsofaffi da yawa ba su da katin ɗan ƙasa da ake rajista da shi. Duk da haka shi ke karanta wa tsofaffin saƙo, shi ke ajiye sirrin wanda ɗansa ya turo da wanda ɗansa ya manta. Burinsa wata rana a kira shi Doso a ba shi kwantiragi.

Washegari na yi sa'a, ma'aikacin gyara ya iso da farar mota mai ƙura. Shi kaɗai ne cikin waɗanda na gani yake da cikakken kwantiragi, da rajista a asusun CNSS, da inshorar lafiya ga iyalinsa. Ba'are ne, ya yi karatun lantarki a Yamai. Ya durƙusa ya gaida mai gadi, ya miƙa masa ƙullin goro da sukari, sannan ya buɗe ƙofa.

Da na tambaye shi yadda ake rayuwa a can babban ofis, ya fara da alheri. Albashi ba ya wuce ranarsa. Ana tura mutum horo. Ƙaramin ma'aikaci na iya yi wa darakta gardama a taro, har ya kira shi da sunansa, abin da ya ɗauke shi shekara kafin bakinsa ya iya. Ana taro da Faransanci gauraye da Ingilishi, wani lokaci da manya na ƙasar waje ta bidiyo. Sai ya kwatanta mini ɗakin sa ido: babban allo a bango, kowane antan ɗigo ne, kore in yana aiki, ja in ya mutu. Daga lokacin da ɗigo ya yi ja agogo ya fara ƙirga, kuma a yarjejeniyar da ke tsakanin kamfanoni kowane jinkiri yana da tara. Tarar tana sauka daga bene zuwa bene har ta iso wayarsa da ƙarfe 2 na dare. Ya tuna watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke amfani da shi: antan na birane ma suka koma kan gurup, aka shiga lissafin kowace lita, shi kuwa ya fi kwana a mota a kan gado.

Na gaya masa zancen lita nawa. Ya sunkuyar da kai.

"Na san wanda ya kira. A takardar da yake cikewa a kwamfuta akwai gurbin lita, akwai gurbin batir, akwai gurbin sa'ar da rezo ya ɗauke. Sai ya cike su takardar ke rufuwa. Babu gurbin mai gadi, tunda a lissafinmu ma'aikacin wani kamfani ne. Na faɗa a taro sau biyu. An saurare ni, an rubuta."

Na yarda da shi cewa babu wanda ya zauna ya shirya wulaƙanta dattijon nan. Amma kamfanin da ke iya sanin zafin batir a tudun Dumega daga Yamai cikin daƙiƙa ɗaya, ba zai gagare shi sanin sunan wanda ke kwana kusa da batirin ba, da ɗaukar masa mai canji ko da ranar Juma'a ce da ranar shuka.

Kafin ya tafi sai ya ɗauki hoton ma'aunin tanki, kamar yadda dokar aikin ta ce, domin ya tura wa ofis. Mai gadi na tsaye yana kallo. Can ya ce: "Injiniya, dakata." Ya shiga rumfa, ya fito sanye da rigarsa ta Juma'a da hula, ya je ya tsaya jikin tankin, ya riƙe gorarsa, ya juya gefen da tabon yake.

"Ɗauke mu tare. Su ga ko wane ne."

Injiniya ya ja da baya taku biyu domin hular ta shiga, ya ɗauka, ya nuna masa. Dattijon ya daɗe yana kallon kansa a cikin gilashin. Sannan ya ce a tura, ya je ya buɗe wa mota hanya.